Dawowar Ɗinkin Hannu a Gidan 'Yar Tsana

Gidan 'yar tsana ƙaramin gida ne na katako ko kwali, buɗe ta gefe guda, mai ɗakuna da kayan ɗaki, wanda yara a Turai da Amurka suka daɗe suna wasa da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yawancin kayan cikinsa da masana'antu ke yi suka koma na roba. A 'yan shekarun nan kuma, musamman daga 2020, iyaye da kakanni da matasa da yawa a Birtaniya da Amurka sun koma ɗinka labule da zanin gado da matashin kai na waɗannan gidaje da hannu, suna haɗa kujeru da kwali da tsinke.

Asalin abin ba na yara ba ne. Gida na farko da tarihi ya ambata shi ne wanda aka yi wa Albrecht na Biyar, basaraken Bavaria a Jamus, wajen 1558. A birnin Nuremberg na ƙarni na 17 ana amfani da irin waɗannan gidaje wajen nuna wa 'yan mata yadda ake tsara gida da adana kaya, suna kallo ba sa taɓawa. A Amsterdam kuwa matan attajirai ne ke gasar su. Wanda Petronella Oortman ta fara tarawa a 1686 yana nan a gidan tarihi na Rijksmuseum, har da zannuwa da tawul na lilin a ɗakin wanki. Na Sarauniya Mary ta Birtaniya, wanda Edwin Lutyens ya tsara aka kammala a 1924, yana fadar Windsor, da wutar lantarki da ruwan famfo a ciki. Sai da masana'antu suka sauƙaƙa farashi a ƙarni na 19 da na 20 sannan gidan ya sauko hannun yara sosai. Gidan 'yar tsanar Barbie na farko, wanda kamfanin Mattel ya fitar a 1962, kwali ne zalla.

Aikin kansa ya fi yadda ake zato wuya. Ma'aunin da aka fi bi shi ne ɗaya bisa goma sha biyu, wato inci guda a madadin ƙafa guda, gado mai tsawon ƙafa shida ya koma inci shida, kimanin santimita 15. Ana iya rage girman gado, amma ba a iya rage kaurin zare. Ƙyallen da ke zuba da kyau a jikin mutum, idan aka yanka shi girman tafin hannu sai ya tsaya ƙiƙam. Shi ya sa masu wannan sana'a ke neman yadi marar kauri, tsohon hankici ko siliki ko audugar da ta sha wanki, mai ƙananan zane, domin furen atamfa guda ɗaya zai iya cinye bargon gaba ɗaya. Labule ana jiƙa shi da sitaci ko ruwan gam, a naɗe shi ninki ninki, a kafe da allurai a kan allo har ya bushe. Matashin kai ba a cika cusa masa auduga ba, don zai kumbura ya ƙi kwanciya. Ana zuba masa yashi mai laushi ko ƙananan duwatsun ado don ya lotsa kamar an kwanta a kai. Wasu kan sa siririn waya a bakin zanin gado domin ya lanƙwasa. Sauran kayan tsince-tsince ne: akwatunan ashana uku a manne su zama durowa, murfin kwalba ya zama tukunya.

Babban abin da ya ingiza dawowar wannan ɗabi'a shi ne dokar kulle ta annobar korona. Makarantu sun rufe, yara suna gida, iyaye na neman abin da zai ɗauke musu hankali daga waya da talabijin. A daidai lokacin ne mutane da yawa suka fito da tsofaffin kekunan ɗinki ko suka sayi sababbi don ɗinka takunkumin fuska, har kekunan suka yi wuyar samu a shaguna. Wanda ya iya ɗinka takunkumi ya iya ɗinka zanin gadon 'yar tsana, ga kuma guntayen ƙyalle sun taru.

Amma kullen ya tarar da hanya a share ne. YouTube da Etsy, waɗanda aka kafa duka a 2005, da Instagram da Pinterest da suka biyo a 2010, sun riga sun mayar da koyon sana'ar hannu abin da ake yi kyauta a waya. Da can sai an shiga ƙungiya ko an sayi mujallar masu wannan sha'awa kafin a san dabarar sitacin labule. Ƙananan abubuwa kuma suna kyau a hoto, suna jan masu kallo, har gidajen talabijin suka shigo: a 2022 Channel 4 ta Birtaniya da CBC ta Kanada kowacce ta gabatar da gasar ƙera ƙananan ɗakuna.

Akwai kuma ƙosawa da roba. A 2007 Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda dalma a fentinsu, ciki har da kayan ɗakin Barbie, wasu saboda maganaɗisun da ke ɓallewa. Abin ya kai Amurka ga kafa doka mai tsauri a 2008, ya kuma bar shakku a zukatan iyaye. Makarantun Waldorf, da suka samo asali a Stuttgart a 1919, dama sun daɗe suna fifita 'yar tsanar ulu da auduga, suna koya wa yara maza da mata saƙa da ɗinki. Tsadar rayuwa ta ƙara nata. Wasu masu sharhi suna danganta abin da tsadar gidaje, wai matashin da ba zai iya mallakar gida ba yana huce takaici a kan ƙarami. Magana ce mai daɗin ji, amma hasashe ce.

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne na hannu. Yarinya ko yaron da ya auna taga, ya yanka ƙyalle, ya zura zare a allura, ya taɓa lissafi da haƙuri a zama guda, kuma aikin ƙarami ne da zai ƙare kafin gajiya ta zo. A 2018 Roger Kneebone, farfesan koyar da aikin tiyata a Imperial College da ke Landan, ya koka cewa ɗalibai na zuwa da ilimi amma hannunsu bai saba da yanka da ɗinki ba. Ta fuskar wasan kansa, wani bincike na Jami'ar Cardiff da aka wallafa a 2020 ya duba ƙwaƙwalwar yara 33 masu shekara huɗu zuwa takwas, ya ga sashen da ke kula da fahimtar tunanin wasu yana aiki yayin wasa da 'yar tsana ko da yaron shi kaɗai ne. Sai dai yaran kaɗan ne, Mattel ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma bai ce komai ba game da fifikon kayan hannu a kan na kanti. Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin 'yan mata a ƙasar Hausa sun daɗe suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi, suna roƙon ƙyalle wurin tela, suna yi mata gadon kara da jere har da biki. Bambancin shi ne a ƙasar Hausa yarinyar ce ke yin komai da kanta.

A nan ne matsalar sabon yayin take. Da zarar uwa ta kwana uku tana saƙa kafet mai faɗin tafin hannu, ta ɗauki hotonsa ta sa a Instagram, da wuya ta bar ɗan shekara huɗu ya ja shi a ƙasa. Gidan da aka fara don yaro sai ya hau kan kanta. Doka ma tana tura abin ta wannan hanya ba da niyya ba. A Tarayyar Turai duk abin da aka yi don wasan yaro ɗan ƙasa da shekara 14 dole ya cika sharuɗɗan lafiyar kayan wasa, gwajin kuma yana da tsada ga mai ƙaramin jari, don haka masu sayarwa da yawa suna rubuta cewa kayansu na masu tarawa ne, ba na yara ba. Arahar da aka zo nema ita ma takan gudu idan aka shiga sayen injin yanka da fitilu da takardar bango ta musamman.

Haɗarin lafiya kuwa na gaske ne, kuma kayan da aka yi a gida babu mai gwada su. A Amurka duk abin da ya shige cikin bututun gwaji mai faɗin inci 1.25, kimanin santimita uku, an hana shi a kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara uku saboda shaƙewa. Da yawa daga ƙananan kayan da ke cikin gida mai ma'aunin ɗaya bisa goma sha biyu za su shige wannan bututu. Maɓalli, duwatsun ado, allurar da aka manta a labule, maganaɗisun ƙofa, da ƙaramin batir mai kama da kwabo da ake sa wa fitilu, wanda ke iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i biyu idan aka haɗiye shi, duk suna cikin kayan aikin yau da kullum.

Idan aka auna, ribar tana ga gidajen da suka bar yaro ya riƙe almakashi da allura gwargwadon shekarunsa, suka karɓi karkataccen ɗinki da labulen da ya fi taga tsawo, suka kuma nisanta ƙananan kaya daga ƙannensa masu rarrafe. Inda babba ya ƙwace aikin don ya fito tsaf a hoto, sana'ar hannu ta ƙaru, amma gidan ya koma abin da yake a zamanin Petronella Oortman, kayan kallo na manya.