Zango A Gandun Daji: Shirin Tafiya Da Hukuncin Salla

Muna so a wannan mako mu yi magana a kan wani al'amari da ke yaɗuwa tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, watau ɗibar iyali lokacin hutu a tafi gandun daji a yada zango kwana biyu ko uku. Abin yana da kyau, amma da yawa sukan shirya mota da guzuri, su bar maganar salla sai an isa.

Wurin da aka fi sani shi ne Yankari a Jihar Bauci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa jihar da shi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Masauki yana zangon Wikki, wanda ke da nisa ƙwarai daga ƙofar shiga ta Mainamaji, saboda haka kada mutum ya bari magariba ta riske shi a hanya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki suka taru a bakin kogin Gaji neman ruwa. Mai son kafa tanti ya nemi izinin ma'aikatan wurin tukuna, kuma ba a shiga daji sai da ɗan jagora. Mai ƙarfin hawan dutse kuwa ga Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, ana shiga ta garin Serti, can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Da damina hanyoyinsa ba su biyuwa. Amma Kamuku da Kainji da gandun W na Nijar, rashin tsaron 'yan shekarun nan ya sa ba mu ba kowa shawarar kai iyalinsa can ba.

To, sai maganar da ta fi nauyi. A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru idan tafiya ta kai mil 48, watau wajen kilomita 80, kuma ko mutumin garin Bauci ya wuce wannan kafin ya isa Wikki. Sai dai Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya sa sharaɗi: kada tafiyar ta zama ta saɓo, kada kuma ta zama ta wasa zalla, kamar mai fita farauta don nishaɗi kawai. Na farko an hana masa ƙasaru, na biyu an karhanta masa. Ke nan niyya ce ke raba matafiya biyu da ke cikin mota ɗaya. A ganinmu, wanda ya fita don hutar da jiki, da nuna wa 'ya'yansa halittun da ba su taɓa gani ba sai a littafi, ba ya cikin masu wasa, domin Suratul Ankabut aya ta 20 ta yi umurni da tafiya cikin ƙasa don lura da halitta. Ya yi ƙasarunsa, sai fa in ya ƙudura zaman kwana huɗu cikakku a zangon, to sai ya cika tun daga isarsa.

Ma'aikata su kula da wani abu kuma. Yawancinsu ranar Juma'a suke tashi. Fita bayan ketowar alfijir makaruhi ne, bayan zawali kuwa haramun ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, sai in zai same ta a wani gari a hanya. Ko dai a tashi Alhamis, ko a jira a sauko daga masallaci.

Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, wajen digiri 31 rani da damina. Ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, babu hujjar taimama a kusa da shi. Matsalar tana wajen wanka, domin ranakun Asabar da Lahadi da lokacin bukukuwa maza da mata sukan cakuɗa, tufafin kuwa kaɗan ne. Magidanci ya zaɓi tsakiyar mako, ko ya sauka da sassafe.

Birai da gadu suna yawo cikin zangon kamar awaki a gari, birai kuwa ɓarayin abinci ne, a rufe ƙofa. Idan gadu ya taka tabarmar salla bai ƙazantar da ita ba, domin a wurinmu duk mai rai tsarkakke ne. Kashinsa da fitsarinsa su ne najasa, sai a duba wuri kafin a shimfiɗa. A tambayi alƙibla tun da rana, a sa alama, domin waya ba ko'ina take kamawa ba a cikin dajin.