Shigar Burtu a Fom ɗin Rajista: Matsalar XSS da Sunayen Hausawa

A wannan takarda za mu yi bayani ne a kan wani gurbi da ɓarayin intanet ke bi su shiga shafukan rajista, da kuma wani magani da ake yawan yi masa wanda a ganinmu bai dace da mu ba. Duk wanda ya bi ta shagunan kwamfuta na Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san cewa neman makaranta da neman aiki duk sun koma ta fom. A ciki akan rubuta suna da lambar waya da kalmar sirri, sau da yawa har da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda hukumar JAMB ta wajabta wa masu rajista tun 2021. Ashe ke nan fom ya zama rumbu, rumbu kuwa ba ya rasa mai haƙonsa.

Gurbin da muke nufi shi ne wanda masana ke kira XSS. Injiniyoyin Microsoft ne suka raɗa masa suna a farkon shekarar 2000, amma tushensa na komawa ga 1995, lokacin da kamfanin Netscape ya fito da harshen JavaScript, wanda ya ba shafi ikon bai wa burauza umarni. Ita burauza ba ta iya bambance rubutun da mai shafi ya yi da wanda baƙo ya cusa. Abin da ya zo mata cikin shafi, biyayya take yi masa. To, idan mugu ya zo gurbin da aka ce a sa suna, ya rubuta umarni maimakon suna, shafin kuma ya ajiye shi ya nuna shi yadda yake, sai umarnin ya yi aiki a kwamfutar duk wanda ya buɗe. Wannan ita ce shigar burtu, watau maharbi ya ɗaura kan tsuntsu don namun daji su sake da shi.

Abin lura a nan shi ne wanda ke karanta sunan. A fom ɗin rajista, jami'in da ke duba jerin masu nema shi ne zai buɗe shi, kuma shi ke riƙe da makullin bayanan kowa. Umarnin na iya ɗauke shaidar shigarsa ya aika wa ɓarawo. A shafin shiga kuwa, dabarar ta fi zuwa ta hanyar adireshi da aka aiko a saƙo, mai ɗauke da sunan shafi na gaskiya da umarni a maƙale a wutsiyarsa. A 2014 an yi wa masu sayayya a eBay makamancin haka: suna danna talla sai a kai su shafin shiga na jabu, su miƙa kalmar sirri da hannunsu.

Maganin da masu gina shafuka da dama suka fi gudu gare shi shi ne tacewa, watau a hana fom karɓar wasu alamomi. Tsoron nasu yana da dalili, domin waƙafin sama na iya rufe zance a cikin rubutun shafi ya buɗe ƙofar umarni. Sai dai wa aka hana shiga? A'isha da Sa'adu da Mu'azu da Isma'ila, har ma da 'Yar'aduwa. Wasu fom ɗin sukan ƙi ɓ da ɗ da ƙ, sai Ɗanladi ya koma Danladi, Ƙaura ta koma Kaura. Mai shago ya goge alamar don aiki ya wuce, sa'an nan mai suna ya sha wahalar daidaita takardunsa daga baya.

Da a ce tacewar na tsare gida, da mun ce a haƙura. Tarihi bai nuna haka ba. A watan Oktoba na 2005 shafin MySpace yana tace kalmar JavaScript, sai Samy Kamkar, ɗan shekara 19, ya raba kalmar gida biyu a layi biyu. Matatar ba ta gane ta ba, burauza kuwa ta haɗa ta ta yi biyayya. Cikin sa'a 20 umarninsa ya kama mutum fiye da miliyan ɗaya, har aka rufe shafin don gyara.

Gyara na haƙiƙa yana wurin fitarwa ne. A karɓi suna yadda mai shi ya rubuta, a ajiye shi da tsarin UTF-8 mai ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, amma lokacin da za a nuna shi a sauya kowace alama mai hatsari da lambarta, alal misali alamar < ta koma &lt; waƙafin sama kuma ya koma &#39;. Burauza za ta zana alamar ga mai karatu ba tare da ta ɗauke ta umarni ba. Sauyin ya danganta da wurin da sunan zai faɗa, domin na cikin jimla dabam, na cikin adireshi dabam. Bayan wannan sai a sa wa shaidar shiga tambarin HttpOnly, wanda aka fito da shi a 2002, don kada umarni ya iya karanta ta, a kuma kafa ƙa'idar CSP mai ƙayyade inda shafi zai karɓi umarni.

Dangane da shari'a, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai kutse. Dokar kare bayanai ta 2023 kuwa ta waiwayi mai shafi: idan aka saci bayanan da ke iya cutar da masu su, tilas ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin sa'a 72 da samun labari.