Yadda Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa Ke Raba Aikin Haɗa Bayanan Jama'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ta Ikko da asubahi ya ga yadda ake sauke tirelar albasa. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. 'Yan dako ne ke taruwa, kowa ya kama nasa buhunan. To, haka manyan bankuna da kamfanonin waya na duniya suke yi da bayanan jama'a. Maimakon ƙatuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa guda ɗaya, sai su jera ƙanana masu yawa, kowace da ma'ajinta, su kasa musu aikin su yi shi a lokaci guda.

Kamfanin Teradata, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1979, yana cikin na farko da suka sayar da irin waɗannan injuna. A 1992 bayanan cinikin kantunan Walmart da ke kan injunansa sun kai terabayit guda, watau kimanin haruffa miliyan sau miliyan.

Shi aikin haɗa bayanai hawa uku ne. A kwaso su daga rassa da ofisoshi dabam-dabam, a gyara su su zama tsari ɗaya, sa'an nan a zuba su a babban rumbu. Galibi da dare ake yi, don a wayi gari lissafi ya daidaita.

Wurin rabon nan ne gizo ke saƙar. Kafin a gane cewa takardu biyu na mutum ɗaya ne, tilas su faɗa hannun na'ura ɗaya. A ce da suna aka raba. Na'urar da aka bai wa masu suna Muhammadu sai kaya su yi mata yawa, sauran kuwa su gama su zauna zugum, domin aiki bai ƙare ba sai ta ƙarshe ta kammala. Kamar dai a bar wa ɗan dako ɗaya rabin tirela: ko an ƙaro mutum hamsin, mota ba za ta tashi da wuri ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan muni. Wani akawu ya rubuta Muhammadu, wani Mohammed, wani Mamman, alhali kuwa mutumin ɗaya ne. Na'ura ba ta san haka ba. Sai takardun su watsu wurare uku, ba su haɗu ba.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi son raba aiki da lamba. Lamba ba ta da laƙabi, kuma tana rabuwa daidai tsakanin injuna. A nan ƙasar, Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, a watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Kowacce alƙaluma 11 ce.

Amma fa idan lamba ta haɗa takardun, sai a gwada sunaye da ranar haihuwa. Mazauna kudu da suka yi rajista ɗaya a gida, ɗaya a Ikko ko Ibadan, inda akawu bai saba da sunayen Arewa ba, nan ne bambancin harafi ɗaya kan fito fili, har a ce mai asusu ya zo ya gyara kafin ya taɓa kuɗinsa.