Kurkum, zogale da allurar kansar hanji

Duk wanda aka ce yana da kansar babban hanji, kafin ya kammala zagayen farko na kemo, masu dubiya sun cika masa ɗaki da magunguna. Wannan ta zo da garin zogale, wancan da man habbatus sauda, wani kuma ya turo saƙon WhatsApp cewa kurkum na kashe sankara. Duk cikin ƙauna ne, kuma hujjarsu ɗaya: ai ganye ne, ko bai yi magani ba, ba zai cutar ba.

A nan gizo ke saƙar. Irinotecan, ɗaya daga cikin manyan magungunan wannan cuta, asalinsa daga wata bishiyar ƙasar Sin ne, wadda masu bincike Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana sinadarinta a 1966. Tsiron da ke da ƙarfin kashe ƙwayar kansa kuwa yana da ƙarfin yin ɓarna.

Idan aka ɗura wa majiyyaci irinotecan, jiki ne ke juya shi zuwa wani sinadari mai suna SN-38, wanda shi ne ke yin aikin, hanta kuma ta riƙa share saura. Likita na auna maganin ne da wannan lissafi. A 2002 masu bincike a Rotterdam ta ƙasar Holan suka gwada shi a kan majiyyata biyar tare da St John's wort, ganyen da Turawa ke sha don rage damuwa. Ganyen ya zaburar da hanta, SN-38 a jini ya ragu da kashi 42 cikin ɗari. Majiyyacin zai ma ji sauƙin laulayin magani, har a yi ta hamdala, alhali kansar ce ta samu sarari.

Akwai kuma akasin haka. Sinadarin folik asid, na cikin ƙwayoyin ƙarin jini da ake saya a kemis ba tare da takarda ba, yana ƙara kaifin wasu magungunan kemo, fluorouracil da capecitabine. Likitoci da kansu suna haɗa fluorouracil da wani ɗan'uwan folik asid da gangan, amma da awo. Ƙarin da ba su san da shi ba na iya jawo gudawa mai tsanani da gyambon baki.

Kurkum fa? A kwanon gwaji yana hana ƙwayoyin kansar hanji yaɗuwa, sai dai hanjin mutum ba ya tsotsarsa sosai. A Leicester ta Ingila an ba wasu majiyyata giram 2 na sinadarinsa kullum tare da kemo, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna jiki na iya ɗauka. Mutanen ba su kai talatin ba, don haka ba a kafa hujjar warkarwa da su. Masu tallar kafso ba sa faɗin wannan ɓangaren.

A ganina, kurkum ɗin da aka barbaɗa a shinkafa da kwaɗon zogale ba su ne abin tsoro ba, mai kemo ma yana buƙatar ci. Abin lura shi ne kafso da tsimi da garin da ake sha cokali-cokali, musamman wanda aka haɗa da masoro don ya ƙara shiga jini. Majiyyata da yawa suna ɓoye wa likita don gudun faɗa. Gara a zuba kwalaben duka a leda ranar asibiti, a ajiye su gaban likita ko mai harhaɗa magani kafin a ɗaura ruwan.