Tumbin Haihuwa: Wace ce Ƙaramar Tiyatar Ɗame Ciki Ta Dace da Ita?

A Bawdeta ta jihar Maraɗi, kamar sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, mai jego ba ta rasa masu kula da cikinta. Kaka ko gwaggo za ta naɗe mata shi tamau da zane, a yi wankan jego har arba'in. Amma bayan haihuwa ta biyar ko ta shida, zane ya kan gaza. Fata ta saki, tumbi ya zauna, har a riƙa yi wa mace barka da cikin da ba ta da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar kan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaici, jihar Maraɗi ma ta haura haka, don haka wannan ba damuwar mata ƙalilan ba ce.

Yanzu da waya ta shiga gidaje da yawa, ana ganin tallan tiyatar ɗame ciki a Facebook da TikTok, da hoton jiya da na yau. Wadda aka fi kwaɗaita wa mata ita ce ƙaramar, domin an ce yankan gajere ne, jinyar ba ta da tsawo.

A ƙaramar, likita kan yi yanka a ƙasan mara, kusan inda ake yi wa mai haihuwa aiki, ya cire rarar fata da kitsen da ke ƙasa da cibiya, wani lokaci ya ɗinke naman wurin. Yawanci ba ya sauya wa cibiya mazauni. A babbar kuwa, yankan kan tashi daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗaga fata har kusa da haƙarƙari, a ɗinke naman ciki daga sama zuwa ƙasa, a fito da cibiya ta sabuwar ƙofa. Aikin ba sabo ba ne. Howard Kelly ya cire wa wata mata tulin kitsen ciki a Baltimore ta Amurka tun 1899, likitan Brazil Ivo Pitanguy kuma ya bayyana salonsa na yanka a ƙasan mara a 1967.

To ga inda gizo ke saƙa. Tumbin haihuwa ba abu ɗaya ba ne. A gaban ciki akwai jan nama biyu a miƙe, dama da hagu, da wata farar tantana mai haɗa su a tsakiya. Juna biyu kan buɗa wannan tantana. A wurin mata da yawa ta kan koma da kanta cikin watanni, amma ga wasu ratar kan zauna, sai kayan ciki su turo gaba. Mace na iya gwadawa a ɗakinta: ta kwanta rigingine, ta tanƙwara gwiwoyi, ta ɗago kai kaɗan, ta laluba sama da cibiya. In yatsu biyu ko fiye suka nutse a wani kwari, to akwai rata. Wannan ratar sau da yawa ta kan kai sama da cibiya, inda ƙaramar tiyata ba ta isa. Ke nan wadda ta fi jin tana buƙatar gyara, mai haihuwa da yawa, ita ce ƙaramar ta fi ƙarancin amfana. An tsara ta ne domin mace marar ƙiba, wadda 'yar fata ce kawai ta saki mata a ƙasan cibiya.

Sai sharuɗɗan da mai talla ba ya son faɗa. Ba maganin ƙiba ba ce. Likitoci kan ba da shawarar a jira sai an gama haihuwa, domin sabon ciki na iya warware ɗinkin. Bayan aiki kuma sai an yi kusan mako shida ba a ɗauki abu mai nauyi ba. A gidan da ake daka gero da asuba, a ja guga, a goya yaro zuwa gona, wa zai karɓi taɓaryar?

Kalmar "ƙarama" ma tana ruɗi. Ruwa na iya taruwa a ƙarƙashin fata, rauni na iya ruɓewa, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Kuɗi ba sa kare mutum daga wannan. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Spain a watan Oktoba 2005 bayan aikin zuƙe kitsen ciki, daga baya kotu ta sami likitan da laifin sakaci.

A ganina, abin da ya fi gaggawa a karkararmu shi ne a san cikin da ba na ado ba ne. Kumburin da ke fitowa a cibiya ko a kan tabon tsohon aiki, ya ƙaru in an yi tari, ya koma in an kwanta, alamar ƙaba ce: hanji ne ke leƙowa ta wata kafa. Shayin rage tumbi ba ya rufe ta, ɗamara ma haka. Gyaranta aikin lafiya ne da ake yi a asibitocin gwamnati, ba sai an haye jirgi ba. Haka nan cikin da ke ta girma ba juna biyu, ko yake tafe da zubar jini mai yawa ko kumburin ƙafa, na iya zama ƙari a mahaifa ko ruwa, kuma hoton ciki ne zai bambance.

'Yar'uwa, kafin ki tambayi kuɗin ɗame ciki, ki bari likita ya taɓa shi tukuna. In kuwa kumburin cibiya ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo ga amai, kada a jira gari ya waye, a nufi asibitin Tasawa a daren.