Ko Kun Sani?

Yawancin mazan da aka yi wa aikin kankare furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara wanda kan kumbura ya tare fitsari idan shekaru sun ja, ba sa ƙara ganin maniyyi yana fita lokacin saduwa da iyali. A aikin da likitoci ke kira TURP, abin yakan shafi kusan maza biyu cikin uku.

Dalilin shi ne, a bakin mafitsara akwai tsoka mai rufewa daidai lokacin inzali. Aikin yakan sassauta ta, sai maniyyin ya koma cikin mafitsara, daga baya ya fito da fitsari, wanda kan yi ɗan fari-fari. Wannan ba ya cutar da lafiya, kuma galibi jin daɗin yana nan. Raunin mazakuta ma yakan faru, amma ga kaɗan.

Inda abin ya fi nauyi shi ne haihuwa. Dattijon da har yanzu yake son ƙarin zuri'a ya kamata ya faɗa wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata, kada kunya ta hana shi. Akwai wasu hanyoyin yin aikin, kamar UroLift, waɗanda galibi ba sa hana fitar maniyyi, kuma ana iya tace maniyyi daga fitsari don taimaka wa mace ta ɗauki ciki.