Hayaƙin da Titi Ke Tayarwa Kafin Mota Ta Hau Shi

Idan ana maganar hayaƙin da ke ɗumama duniya, hankalinmu kan tafi kan motocin da ke gudu a titi. Ba kasafai muke tuna cewa shi kansa titin sai da aka yi dakonsa ba. Kowace tsakuwa da ke ƙarƙashin tayarka, tifa ce ta kawo ta daga wani wuri, tana ƙona man dizal tafiya da dawowa.

Abin da muke kira kwalta gauraye ne. Kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Baƙin man nan mai danƙo da ke riƙe su bai wuce kashi 5 ba. Saboda haka nauyin aikin yana ga dutse.

Bari mu yi ɗan lissafi. Titi mai layi biyu, faɗin mita 7 da ɗoriya, idan aka zuba masa kwalta mai kaurin santimita 10, kilomita ɗaya tak zai ci kusan tan 1,700. Lodin tifa mai ɗaukar tan 30 kusan sau sittin ke nan, ban da jar ƙasa da dutsen da ake shimfiɗawa a ƙasa, waɗanda sukan fi haka yawa. Ita kuma lita ɗaya ta dizal tana sakin iskar kabon fiye da kilo biyu da rabi. Idan wurin fasa dutsen yana da nisan kilomita 100, kowane sawu kilomita 200 ne, rabinsa kuwa tifar fanko take dawowa. Wannan dawowa ta banza ita ta fi ba ni takaici: ana ƙona mai don a kai iska.

A nan ne ƙasa ke raba wa mutane arziki ba daidai ba. Mai aikin titi a Abuja yana da duwatsun Mpape a bayan gida. Wanda ke aiki a yankin Tafkin Chadi, inda ƙasar rairayi ce da yumɓu, dole ya nemo dutse daga nesa, kuma kowane kilomita ƙari ne ga kuɗin kwangila da kuma hayaƙi.

Shi baƙin man kuwa, ko da yake kaɗan ne, shi ne matafiyi. Matatar mai ta Kaduna, da aka buɗe a 1980, tana da sashen da aka gina don samar da shi, amma matatar ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. Akwai ɗimbin ɗanyensa kwance a ƙasa a Jihar Ondo, wajen Agbabu, an san da shi fiye da shekara ɗari, har yau ba a ci moriyarsa sosai ba. Don haka mafi yawansa ta jirgin ruwa ake shigo da shi, sannan a ɗura a tanka a doshi Arewa, tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas zuwa Kano. Idan ya huce daskarewa yake, sai an hura masa wuta kafin a sauke. Wani man ke nan. Abin mamaki, dogon zangon teku ba shi ne babban mai laifi ba, domin jirgin ruwa da jirgin ƙasa suna ɗaukar tan guda da mai kaɗan ƙwarai in an kwatanta da babbar mota. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, amma yau kayan gina titi a kan titi suke tafiya, suna farfasa wanda aka riga aka gina.

Akwai dabarar da ke rage dakon tun daga tushe. A aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, kamfanin Julius Berger ya yi amfani da injinan da ke kankare tsohuwar kwalta, a niƙe ta, a gauraya da ɗan sabon mai, a mayar da ita ƙarƙashin sabon titin. Tsohuwar hanyar ita ta zama wurin samun dutse, tifofin da za su yi ta safa da marwa zuwa bakin dutse suka ragu.